Yadda ɗan ƙanwata ya sami aikin malamin gona: nazarin lamari daga Zariya

Na yi shekaru masu yawa ina aikin malamin gona a ƙauyukan ƙasar Zazzau kafin in yi ritaya, kuma tun da na dawo gida Tudun Wada na zauna, da wuya mako ya wuce ba a yi mini sallama da ambulan a hannu ba, ana roƙon in miƙa takardun wani yaro ga wani babba da na sani. Lamarin da zan bayyana a nan na ɗan ƙanwata ne. Na zaɓe shi ne saboda na ga farkonsa da tsakiyarsa da idona, har da kurakuran da ni kaina na tafka a ciki, kuma saboda ina ganin akwai samari da 'yan mata da yawa a Samaru da Sabon Gari da cikin birni waɗanda ke tsaye daidai inda ya taɓa tsayawa. Ba zan ambaci sunansa ba, haka kuma ba zan ambaci sunan wuraren da ya nemi aiki ba.

Halin da ya dawo ya tarar

Yaron ya karanta aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello. Digirin aikin gona shekara biyar ne, kuma a ciki akwai shekara guda da ake keɓewa don aiki a gona da hannu. Nasa ya ɗauki fiye da haka, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya kai wata tara daga Maris zuwa Disamba, ya haɗu da kullen korona ya zaunar da su a gida. Bayan ya kammala aka tura shi hidimar ƙasa wata jiha a kudu maso yamma, inda ya koyar a wata makarantar sakandare yana karɓar alawus na naira 33,000 a wata. Ya dawo Zariya da takardar shaidar hidima, da ɗan abin da ya tara, da kuma yaƙinin cewa cikin wata biyu ko uku zai sami aiki. Mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare, shi ne babba a ɗakinsu, kuma mahaifiyarsa ta riga ta gama lissafin abin da albashinsa na farko zai toshe.

Wata goma sha ɗaya na neman "kowane irin aiki"

Abin da ya yi a watannin farko shi ne abin da kusan kowane mai sabon digiri ke yi. Kullum da hantsi zai tafi wani shagon intanet a Samaru, ya duba duk sanarwar da aka turo a zaurukan WhatsApp, ya cike duk fom ɗin da ya gani: banki, hukumomin damara, ƙungiyoyin agaji, kamfanin sadarwa, har da wani otal a Abuja. Da na tambaye shi daga baya, ya ce ya tura takardu wurare fiye da sittin. An kira shi jarrabawar kwamfuta sau biyu a Kaduna, ya biya kuɗin mota da na kwana, bai sake jin duriyar ko ɗaya ba.

Takardar tarihin karatu da aiki da yake turawa, wadda aka fi sani da CV, guda ɗaya ce ga dukkan wuraren nan, kuma har yanzu ina ajiye da kwafinta. Shafi uku ce. Ta fara da sunan makarantar firamarensa, ta bi da jiha da ƙaramar hukuma da addini, ta lissafa cewa yana son karatu da tafiye-tafiye, sannan ta ce shi mutum ne mai ƙwazo da ke iya aiki cikin matsi. Wani mai shagon buga takardu ne ya tsara masa ita a kan ta wani, sunaye kawai aka sauya. Shekarar da ya yi yana aiki a gona ta sami layi ɗaya tak. Binciken da ya yi a ajin ƙarshe a kan tazarar shukar masara, wanda shi ne abu mafi daraja da yake da shi a hannu, take kawai aka rubuta ba tare da an faɗi abin da ya gano ba. Adireshin imel ɗinsa kuwa laƙabin da abokan ƙwallo ke kiransa da shi ne. Duk mai ɗaukar ma'aikata da ya buɗe wannan takarda ba zai gane wane aiki mai ita ya iya ba, domin ita kanta ba ta nufi kowane aiki ba.

Ni ma a wannan lokaci ban yi abin kirki ba. Na ɗauki wannan takarda yadda take, ba tare da na karanta ta da idon basira ba, na zagaya da ita wurin tsofaffin abokan aikina. Kowa ya karɓa da fara'a, ya ce za a duba, ya jefa a durowa. Ban ga laifinsu ba, domin abin da na kai musu roƙo ne, ban kai musu dalilin da zai sa su sa sunansu a kan yaron ba.

Mafi munin abin da ya faru shi ne batun sayen gurbi. Wani mutum da aka haɗa ƙanwata da shi ta hanyar maƙwabta ya ce yana da gurbin wani ma'aikaci da za a maye a wata ma'aikatar tarayya, kuma idan aka ba da rabin kuɗin za a sa sunan yaron, sauran rabin sai takardar ɗauka ta fito. Ƙanwata ta kwashi adashinta, ta sayar da tumaki biyu da take kiwo, ta ba shi. Na sami labari kafin a biya, raina bai kwanta ba, amma na yi shiru don kada a ce na hana maraya samun abinci, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama har yau. Bayan makonni aka turo hoton wata takarda mai tambari ta waya, aka ce a jira kiran tantancewa. Kiran bai zo ba, lambar mutumin ta daina shiga. A 2023, lokacin da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, muna zaune muna sauraron rahoton zaman kwamitin a rediyo, ƙanwata ta tashi ta shige ɗaki. Cinikin gurbi abu ne da ke faruwa da gaske, kuma kasancewarsa gaskiya shi ne jarin 'yan damfara, tunda kowa ya taɓa jin labarin wanda ya biya ya samu. Wanda ya biya ya rasa kuwa ba ya iya kai ƙara, domin shi ma ya san abin da ya nema haramun ne a doka da addini.

Tambayar da ta sauya alƙibla

Wata rana bayan la'asar, ana cikin zafin bazara, ya zo gaishe ni ya zauna a bakin tabarma ya yi jugum. Na tambaye shi wane aiki yake so. Ya ce, "Kawu, ai kowane iri ne, in dai za a biya." Na ce ban tambaye shi wanda zai karɓa ba, na tambaye shi wanda in an ba shi gobe zai san abin da zai yi da safe ba sai an nuna masa ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce lokacin da ya fi jin daɗi a duk karatunsa shi ne shekarar gona, musamman ranakun da aka kai su ƙauye suna magana da manoma. Na ce to, aikin malamin gona ke nan, kuma in haka ne babu garin da ya fi wanda yake zaune a ciki dacewa da wannan nema.

Abin mamaki ne yadda yaro zai yi shekaru yana wucewa ta gaban abu bai gan shi a matsayin hanyar abincinsa ba. Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR, ta zama ɓangare na jami'a tun kafuwarta a 1962. Daga nan ake fitar da nau'o'in iri da sunansu ke farawa da SAM: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. A gefenta akwai NAERLS, cibiyar da ke kula da wayar da kan manoma a matakin ƙasa, mai buga ƙananan littattafan jagorar noma, sannan a Shika akwai NAPRI mai binciken dabbobi. Saboda kusanci da waɗannan cibiyoyi ne kamfanonin iri suka yi sansani a Zariya da kewayenta. Cibiya takan fitar da iri kaɗan, daga shi a samar da irin tushe, sannan kamfani ya raba wa manoman da ke noma masa a yankunan Giwa da Soba da Maƙarfi da Ikara da Kudan, su ninka shi ya zama irin da za a zuba a leda a sayar da shaidar hukuma. Tsakanin kamfani da waɗannan manoma dole a sami mutum a kan babur, wanda zai auna gona, ya raba iri da taki, ya tabbatar an bar tazarar da ta dace tsakanin gonar iri da sauran gonakin masara don kada iska ta kawo gauraye, ya sa a tumɓuke duk tsiron da ya bambanta da 'yan'uwansa, ya kuma rubuta komai. Idan masara mai aure ake haɗawa, wato irin da ake samu ta hanyar barbarar nau'i biyu daban, ɗaya a matsayin namiji ɗaya a matsayin mace, shi ne zai tsaya a kan a cire furen saman karan layukan mace kafin ya fara zubar da gari, kuma kwana biyu na sakaci a wannan gaɓa na iya lalata aikin damina guda.

Na bayyana masa wannan dalla-dalla ne don ya gane cewa mai ɗaukar irin wannan ma'aikaci yana da takamaiman abin da yake tsoro: yaron da bai iya babur ba, ko wanda zai zauna a gindin bishiya ya ƙirƙiro alƙaluma, ko wanda zai yi wa dattijon manomi magana da Turanci da girman kai har ƙauye ya juya wa kamfani baya. Aikin mai nema shi ne ya kawar da waɗannan tsorace-tsorace da abin da ido zai gani. Muka yi yarjejeniya cewa zai daina zuwa shagon intanet kullum, zai riƙa duba sanarwa sau ɗaya a mako, sauran lokacin kuma zai ba damina mai zuwa.

Damina guda

Muna da gonar gado a wajen Bomo, na yanka masa mita 50 a tsaye, mita 50 a kwance, wato rubu'in kadada. Na sa ya raba ta biyu: ɓangare ɗaya ya shuka masarar da aka ɗebo daga rumbun gida, ɗayan kuma ya shuka ingantaccen iri da ya saya a shago, mai ɗauke da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa da lambar da ake kankarewa a tura ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. Sharaɗina guda ɗaya ne, ya sayi littafin rubutu mai kauri, kuma duk abin da ya yi a gonar ya rubuta shi a ranar da ya yi shi, da kwanan wata, da abin da ya kashe, ya kuma ɗauki hoto.

Shafin farko na littafin gwajin tsiro ne. Ya ƙirga ƙwaya ɗari-ɗari sau huɗu daga kowane iri, ya jera su a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwar zaure, yana yayyafa ruwa safe da yamma, a rana ta bakwai ya ƙirga waɗanda suka fito. Ya zauna a durƙushe da tsinke a hannu yana ware masu lafiyayyen saiwa daga waɗanda suka ruɓe, ƙannensa sun kewaye shi suna kallo, kuma tun dawowarsa daga hidima ranar ce na fara ganin fuskarsa ta saki. Da ruwa ya zauna a watan Yuni ya yi shuka da igiya, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, wanda ke ba da tsiro kusan 53,000 a kadada idan an bar ɗaya a kowane rami. Ya lissafa takinsa da kansa: abin da aka saba ba da shawara a wannan yanki shi ne buhu takwas na kamfa 15:15:15 a kadada, sai kimanin buhu biyu da rabi na yuriya a zubi na biyu, don haka rubu'in kadada na bukatar buhu biyu na kamfa da kilo talatin da 'yan kai na yuriya.

Abubuwa ba su tafi sumul ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin zuwa gona ya ninka, har ya koma hawan tsohon keken mahaifinsa. Ni na biya kuɗin taki, kuma ban ɓoye masa cewa bashi ne ba. Sannan tsutsar nan mai cin masara, wadda ta fara bayyana a Nijeriya a 2016, ta sauka a gonar lokacin da ya yi kwana biyar bai je ba saboda rashin lafiyar mahaifiyarsa. Da ya koma ya tarar da ganye duk huji, ga kashin tsutsar kamar garin katako a cikin zuciyar tsiron. Ya yi feshi da tsakar rana, maganin bai yi wani tasiri ba, sai da wani dattijo maƙwabcin gonar ya ce masa ya bari sai da yamma ko da sassafe, ya kuma saita bakin famfon cikin zuciyar tsiron inda take ɓuya. A wata kusurwa kuma wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotsar saiwar masara, ta fito ta tsumburar da masarar tun kafin ta yi goyo. Ya zo yana tambayata ko ya bar waɗannan shafuka a littafin, tunda abin kunya ne a ce mai digiri ya yi feshi a lokacin da bai dace ba. Na ce kada ya kuskura ya yage ko shafi ɗaya. Da kaka ta yi aka karya masara, aka ɓare, aka auna, ɓangaren ingantaccen iri ya ba da buhu huɗu da rabi, na rumbu kuma bai cika uku ba, kuma duk wannan ya shiga littafi tare da lissafin riba da faɗuwa.

A gefe guda na kai shi wurin wani mai shagon kayan noma a Sabon Gari, wanda muka san juna tun ina aiki, na ce ya riƙa zama yana taya shi ba tare da albashi ba. Wani shagon da muka fara zuwa ya ƙi, yana zaton leƙen asirin kasuwa aka zo yi. Wannan na biyun ya karɓa, kuma a nan yaron ya koyi abin da ba a samu a littafi: sunayen da manoma ke kiran magunguna da su, yadda suke auna gona da eka ko da yawan mudun irin da ta ci maimakon kadada, da irin ƙorafin da suke dawowa da shi in iri bai tsiro ba. A nan kuma ya san ma'aikatan kamfanonin iri da ke kawo kaya, suka san fuskarsa, suka ga yana iya yi wa manomi bayani a tsanake. Da rani ya koyi auna faɗin gona da wayar hannu, ya koyi cike fom a manhajar KoboToolbox da ƙungiyoyi da kamfanoni da yawa ke amfani da ita wajen tattara bayanan manoma, ya gyara hannunsa a Excel, ya kuma nemi lasin tuƙin babur.

Takarda, shaida da lokaci

Da sanyin safiya ake kama fara. Kamfanin iri yakan nemi ma'aikatan fili ne kafin ruwa ya sauka, lokacin da yake rajistar manoma da shirin rabon kaya, saboda haka takardar da ta isa a watan Agusta ta makara, komai kyanta. Tun watan Janairu muka zauna muka sake rubuta CV ɗin daga tushe. Ta dawo shafi ɗaya da rabi. Firamare da addini da son tafiye-tafiye duk suka fita. A sama aka rubuta aikin da yake nema da sunansa, a ƙasa aka jera abin da ya yi da alƙaluma: girman gonar gwaji, sakamakon gwajin tsiro, amfanin da aka samu, watannin da ya yi a shagon kayan noma, manhajojin da ya iya, lasin babur, da cewa yana jin Hausa da Turanci da ɗan Yarbancin da ya tsinta a hidima. Ya buɗe sabon imel da cikakken sunansa. Wurare huɗu kawai ya kai takardar, kowanne da wasiƙarsa daban mai ambaton irin amfanin gonar da wurin ke harka da shi, kuma ya kai da ƙafarsa maimakon ya tura ta intanet ya zauna jira.

A kan batun masu tsaya masa na ƙi yarda a sa sunana, ko da yake ƙanwata ta ji haushin hakan. Hausawa na cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma ba na musun cewa sanayya na aiki a ƙasar nan. Sai dai shaidar kawu a kan ɗan ƙanwarsa ba ta da nauyi a wurin mai hankali, tunda kowa ya san abin da zai faɗa. Ya sa malamin da ya duba bincikensa a jami'a, bayan ya je ya gaishe shi ya nuna masa littafin gonar, sannan ya sa mai shagon Sabon Gari. Daga baya muka ji cewa mai shagon aka fara kira, kuma tambayar da aka yi masa ita ce ko ya taɓa barin yaron da kuɗi da kaya shi kaɗai.

Biyu daga cikin wuraren huɗu ba su ce komai ba. Ɗaya ya ce ya riga ya cika. Na huɗun ya kira shi ganawa.

Ranar ganawa

Mutum uku ya tarar a ɗakin, kamar yadda ya ba ni labari da daddare. Bayan gaisuwa da 'yan tambayoyi da Turanci, sai ɗaya daga cikinsu, wani mai furfura, ya juya harshe zuwa Hausa ya ce a ɗauka shi manomi ne a ƙauye, bara ya sayi masara mai aure ta yi masa kyau, bana kuma ya ware daga cikin amfanin zai sake shukawa don ba shi da kuɗin sabon iri, to me zai ce masa. Yaron ya ce sai da ya gyara zama ya ce, "Baba, sannu da ƙoƙari," sannan ya yi masa bayani cewa ƙarfin masara mai aure a shukar farko yake, 'ya'yanta kuwa sukan rarrabu, wata doguwa wata gajera, amfanin ya ragu, kuma in kuɗi ne matsala gara ya rage faɗin gonar ya sayi sabon iri daidai ƙarfinsa, ko ya nemi nau'in da ba mai aure ba wanda ake iya maimaitawa shekara biyu ko uku. Aka ba shi lissafin taki na eka biyu da rabi, ya gane cewa kadada guda ke nan, ya ba da amsa ba tare da ya taɓa biro ba.

Sai aka tambaye shi game da masarar TELA, wadda aka amince da fitar da nau'o'inta huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T, a watan Janairun 2024. Ya ce ya karanta cewa an samar da ita don ta jure wa tsutsa da ƙarancin ruwa, amma bai taɓa shuka ta ba, bai kuma taɓa ganin ta a gona ba, don haka ba zai ce ya san halinta ba. Ya ce ya fito da fargabar cewa wannan amsa ta kayar da shi. A ganina tana cikin abubuwan da suka tsayar da shi, domin wanda za a tura ƙauye shi kaɗai ya kawo rahoto, babu abin da ake bukata a wurinsa kamar ya iya cewa bai sani ba.

Littafin gonar ne ya cinye sauran lokacin. Da ya ciro shi daga jaka, bangonsa duk jirwayen laka da taki, mai furfurar ya karɓa ya yi ta buɗawa, ya wuce shafin amfanin da aka samu bai tsaya ba, ya je ya tsaya a shafukan tsutsa da wuta-wuta, waɗanda yaron ya so ya yage. Ya tambaye shi dalilin da ya sa feshin farko bai ci ba, da wanda ya gyara masa, da abin da zai shuka a kusurwar wuta-wutar a shekara mai zuwa. Ya amsa cewa wani tsohon manomi ne ya gyara masa, kuma zai sa waken suya ko gyaɗa a wurin kafin ya mayar da masara. Da aka ba shi damar tambaya, ya yi waɗanda muka shirya: ƙauyuka nawa za a ba shi, wa ke sayen man babur da gyaransa, wata nawa ne kwantiragin, kuma a rubuce za a ba shi ko da baki. Na nace masa a kan waɗannan ne saboda na ga yara da yawa da murna ta hana su tambaya, suka wayi gari rabin albashinsu na ƙarewa a gidan mai.

Abin da ya biyo baya

Bayan kwana tara aka kira shi ya karɓi takarda. Kwantiragin damina guda ne, albashin bai taka kara ya karya ba, babu fansho, amma kamfani ne ke ba da babur da mai. Ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Aka ba shi manoma a wasu ƙauyuka ta wajen Soba, yana fita bayan asuba ya dawo gab da magariba, wani lokaci ruwa ya tare shi ya kwana a gidan mai unguwa. Da kaka ta yi aka sabunta masa, kuma a shekara ta biyu aka ƙara masa ƙauyuka da yara biyu da yake dubawa.

Ya kamata in faɗi abin da ya sauƙaƙa masa, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kowa na iya bin sawunsa ba tare da wahala ba. Yana da gonar gado, yana da kawun da ya iya ranta masa kuɗin taki, yana cin tuwon gidansu a duk tsawon shekarar da bai sami ko sisi ba, kuma abin da ya karanta ya dace da sana'ar garin da yake zaune. Wanda ya karanta lissafin kuɗi ko aikin jinya ko gyaran na'ura, tasa gonar gwajin daban ce: littafin shagon wani ɗan kasuwa da zai tsara masa na wata shida, ko ƙaramin asibitin unguwa, ko garejin da zai yarda ya tsaya a ciki. Kuma ko da an yi duk wannan, guraben ba su kai yawan masu nema ba, akwai yara masu ƙwazo da suka yi abin da ya fi nasa har yanzu suna gida, kuma wannan nauyi ne da ke wuyan masu mulki. Iyakar abin da na gani shi ne, wata goma sha ɗaya na watsa takardu wurare sittin ba su kai shi gaban ko mutum ɗaya mai ikon ɗauka ba, shekara guda ta shiri domin aiki ɗaya kuma ta kai shi gaban mutum uku da abin nunawa a hannu.

Ƙanwata har yanzu ba ta cire rai da aikin gwamnati ba, duk sanarwar da ta ji a rediyo sai ta aiko a gaya masa, shi kuma yakan cike waɗanda suka shafi aikin gona ya bar sauran. Ya biya ni kuɗin takin a zubi uku, ya kuma saya mata tunkiya ɗaya daga cikin biyun da ta sayar. Makon jiya ya biyo da daddare, ƙafafunsa duk jar ƙasa, ya ce an kawo masa wani sabon yaro da zai koya wa aiki, yana tambaya ko littafin gonar Bomo na wurina, yana son ya nuna masa shafin feshi.